Ba a Ba Ɗan Aike Iri

Zuwa ga Yayana Lawal, a duk garin da aiki ya kai ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri, kuma sauron kudu bai sa ka a gaba ba. Mu nan Ruwan Godiya muna lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da ka sani. Matarka Hajara da yaranka suna gaishe ka.

Ka yi haƙuri da na kawo maganar gida cikin jarida. Ba son tonon asiri ba ne, hanya ce ta ƙare min. Na aiki direban tipa da ke biyowa ta 'Yankara ranar kasuwa, ya dawo ya ce ka bar Kaduna. Na roƙi wani ɗan Sabuwa mai safarar goro ya duba min kai, ya ce ya hango mai kama da kai a Ikko wajen da ake sauke siminti daga jirgin ruwa, amma kafin ya ƙetare titi ka ɓace masa. Abin da na sani shi ne ba ka iya wuce jarida ba ka leƙa ba, ko da ta ƙunshin tsire ce. To ga ta nan. Waɗanda ba su san mu ba su karanta su wuce, da kai nake.

Bari in fara da abin da ya fi damuna. Irin kaurar gidanmu, dawar nan da muka gada, ya lalace, Yaya. Buhun nan guda da ka sa aka kai sito, ƙwari sun mai da shi gari. Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa ta gabas duk yamma, ni kuma ba ni da abin da zan zuba a rami a babbar gona. Baffa na Sheme yana da irin, ya kuma ce ba zai ba kowa ba sai mai gida. Mai gida kuwa kai ne. Ko dai ka zo kafin ruwan shuka, ko in tsaya gaban mutane in ce ni ne. Abin da ke gabanmu ke nan, sauran duk bayani ne.

Amma bayanin ma haƙƙinka ne. Ka tuna yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake yi duk bazara kafin a fara sharar gona. Ya zaunar da mu a inuwar rumbu, ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, me wannan ta ba mu, me ta hana mu, kuma laifin wa. In ɗayanmu ya fara kame-kame sai ya ce, "Ku hwaɗi gaskiya, gonar ba ta jinku." Kai ka ƙosa kana zane a ƙasa da tsinke, ni ina gyangyaɗi, shi kuwa ba ya tashi sai ya gama da gonar ƙarshe. Da ya rasu dattawa suka ce kai ne a madadinsa, don haka kai ya kamata ka zaunar da ni bana. Tunda ba ka nan, ni zan kawo maka bayanin, ko ka ƙosa sai ka ji.

Gero ba yabo ba fallasa. Ruwa ya ɗan tsaya masa yana fitar da kai, amma ya farfaɗo, shi ya riƙe mu har aka shiga kaka sosai.

Gyaɗa kam kada ka tambaya. Kuturta ta kama ta tun tana ƙarama, ganye ya ƙanƙance ya murtuke, muka tona muka sami kwanso babu 'ya'ya. Ba mu kaɗai ba ne, daga nan har Ƙanƙara kuka ɗaya ake yi. Ko harawar kirki tumaki ba su samu ba.

Auduga ta yi kyau a tsaye, ta wulaƙanta wajen tsinka. Babu hannu. Ka san gayya ta mutu a garin nan tun da aka fara aikin titi. A da in ka dama fura ka kira makaɗi, samari sai ka ce wasu su koma. Bana na zaga gari kaf, na sami tsofaffi da masu tari. Duk mai ƙarfi ya bi tipa. 'Yan ƙwadagon da suka rage kuwa lallashinsu ake yi kamar surukai, su zo rana ta take, su tashi kafin la'asar, su kuma tambaye ka ko akwai nama a miya. Audugar ta zube ƙasa ta yi datti, da na kai kasuwa aka ce ba ta kai lamba ɗaya ba.

Sai babbar gona, wadda ke ciyar da gidan nan. Ita ce ka aiko min da saƙo bara ka ce a shuka gajerar dawar malamin gona, a bar kaura a 'yar gonar bayan gida kawai. Na bi umarninka. Ba zan yi mata sharri ba, gajerar ta yi 'ya'ya, kai kam ta fitar. Amma ta nuna da wuri tun ruwa bai ɗauke ba, kawunan suka yi baƙi-baƙi. Kuma ita kaɗai ce nunanniya a duk dajin, sai tsuntsayen ƙasar nan suka mai da gonarmu gidan biki. Na yi ta kaɗa gwangwani ina ihu har muryata ta dushe, su kuwa sun saba, tashi suke su sauka ɗaya gefen.

Abin da malamin gona bai faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba, shi ne kara. Dawar da ta tsaya a ƙugu wane kara za ta bayar? Darnin gidanmu na gabas ya faɗi babu abin gyara shi, yanzu tsohuwar tabarma na rataya don kada mai wucewa ya ga tsakar gida. Sannan Malam Jaɓɓi, Bafulatanin da ke sauke shanunsa a babbar gona duk rani tun zamanin Baba, ya zo ya zaga, ya taɓa guntayen karan da sandarsa, ya yi mana sallama cikin mutunci, ya wuce gonar da ke da abin ci. Ban ga laifinsa ba. Amma ka san abin da wannan ke nufi, bana gonar ba ta ga kashin shanu ba. Ƙuduji mai shanye dawa kuma ya dawo ta gefen arewa, na ga furensa ya yi shimfiɗa. Gajerar ba ta yi sai da takin zamani, takin kuwa bara sai da aka gama maimai ya iso. Ƙasar da ba ta sha taki ba, ga ƙuduji a ciki, abu ɗaya na sani da zai tsaya mata, shi ne kaurarmu.

Bai kamata in gaya maka ko wace ce ba, amma na ga alamar ka manta. Ita ce doguwar nan mai ruwan ƙwai da kanta ke sunkuyawa in ta nuna, wadda Baba ke kira Mai Ladabi. Kakanmu ne ya zo da ita. Ba a samunta a kasuwar 'Yankara, kaurar kasuwa suna kawai suka haɗa. Shekarar fari, da gonakin mutane suka ƙone a tsaye, ita ta ba mu abin da muka kai damina da shi, har Baba ya auna wa maƙwabta. Kai ka ɗauki damin farko a ka kana hawaye, kana cewa hayaƙi ne ya shige maka ido, alhali ko wuta babu a gonar.

Inna ke zaɓen iri tun muna yara. Kafin a sare dawa sai ta bi gonar a hankali, ta ɗaura wa manyan kawuna ganye, a yanke su daban, a rataye a jinkar madafarta daidai saman murhu. Nan suke shan hayaƙi har bazara, su yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ƙwaro ko kusa ba ya zuwa. Ba wanda ya taɓa zama ya yi mana bayanin dalili, haka muka taso muka gani.

Sai ka zo da kaka. Mota ta tsaya ƙofar gida da kwanon rufi da siminti, ga rediyo a kafaɗarka, ga agogon da ya sa ka yawan nuna abu da hannun hagu. Gari ya taru. Na yi alfahari da kai ranar, wallahi, har yanzu ban janye ba. Ka ce uwar mai gida ba za ta ƙara girki cikin bukkar da ke zuba mata baƙi a miya ba. Ka sa aka yaye jinkar madafa, aka ɗaga bango, aka buga kwano, aka fasa taga babba, ka kawo mata risho. Ka gina sito na siminti kusa da rumbu. Niyyarka alheri ce, kowa ya shaida.

Da magina suka sauko da zangarniyar iri, ka riƙe ɗaya da yatsa biyu don kada ta ɓata maka farar riga. Ka ce a sussuke, a sheƙe, a zuba a buhu a kai sito, haka ake ajiya a birni.

Inna tana tsaye bakin turmi. Kai ɗan fari ne, tun da ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta kallon idonka, ba ta yi maka magana kai tsaye. In tana so ka ci abinci, ƙofa take gaya wa cewa tuwo na hucewa. To ranar ma haka ta yi. Ta juya wajen turmi, ta ce ƙasa-ƙasa, "Iri dai hayaƙi shika so. In anka raba shi da hayaƙi, an ba ƙwari."

Rediyonka na kan taga yana ta waƙa. Ni na ji, na ɗauka kai ma ka ji, ka yi shiru ne irin na mai gidan da ya riga ya yanke magana. Kai kuma, daga baya na gane, ka ga ta sunkuyar da kai ka ɗauka murna ce ta hana ta magana. Ita ta faɗa sau ɗaya, kunya ba ta bar ta ta maimaita ba. Haka mu uku muka tsaya a tsakar gida ɗaya, kowa yana girmama kowa, aka ɗinke bakin buhu.

Sauran kaurar da gonar bayan gida ta bayar ba ta da yawa. An fitar da zakka, magina sun ci tuwonta suna santi, ragowar Inna ta ƙarasa, don tuwon gajerar ba ya zama mata a ciki, ba ya ma kwana a yi ɗumame. Ban damu ba, ina ganin ai iri na sito an rufe da kwaɗo.

Makon da aka fara sharar gona na buɗe. Zafin da ya buge ni a bakin ƙofa sai ka ce gidan burodi. Tun kafin in kwance buhun na ji ɗan motsi a ciki. Na tura hannu, ya fito fari fat da gari, ƙwari na bin yatsuna. Kowace ƙwaya da hudarta. Na tankaɗe, na tsince masu kyan gani, na jiƙa a tsumma na ajiye gindin randa in ga ko za su tsiro. Waɗanda suka fito ba su isa shuka bakin rijiya ba, balle babbar gona. Na kai wa Inna a faifai. Ta duba, ta shafa da yatsa, ba ta ce ai na faɗa ba. Ta ce in je Sheme wurin Baffa.

Ka san Baffa, ƙanen Baba, shi kaɗai ya rage da Mai Ladabi, tun da suka raba gandu ya tafi da nasa rabon. Na ɗauki goro na hau keke. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar sungumi. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi Inna, ya tambayi kowa har tumakin gida, kai kaɗai bai tambaya ba. Nan na sha jinin jikina. Da na shiga ciki gaida matarsa, na ga dammunan iri a rataye saman murhunsu kamar yadda namu suke a da, sai da na kau da kai. Ita ce ta raɗa min abin da ya faru. Ashe ranar da ka zo da mota ta Sheme ka biyo, ka wuce ƙofar gidansa, ka ɗaga masa hannu daga gidan gaba ba ka sauka ba. Yana zaune cikin mutane a lokacin.

Na koma zaure na ajiye goro, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗaga murya ba, bai ma bar gyaran ƙotar ba. Ya ce, "Sani, ba a ba ɗan aike iri. Shekarar da gobara ta ci rumbunku, ubanku da kanshi ya taho nan, ya tuɓe takalmi ya roƙa, alhali shi ne babba. In na ba ka, gobe a ce ni na raba gidan ɗan'uwana. Ko Lawal shi taho da ƙahwarshi, ko kai ka tsaya gaban mutane ka ce kai ne mai gida. Ran da ka hwaɗi haka, ka ɗauki dami ka tahi."

Wauta ta sa na ce masa to ya sayar mana. Kallon da ya yi min, da ƙasa za ta tsage da na shige. Kai ma ka san irin gida ba a sayensa, roƙo ake yi, a mayar da kaka.

Na baro Sheme ina cin zuciya, amma kafin in iso gida na gane ba rowa ba ce. Haushinka yana ji, gaskiya ne, sai dai ko babu haushin abin da zai faɗa ke nan. Kai da ke nesa kana iya cewa, to mene ne a ciki, ka faɗa mana a ba ka iri. Ba haka ba ne, Yaya, ka kuma sani. Wanda ya roƙi iri shi ke saran farko ranar shuka, shi ke buɗe rumbu, shi ke yanka wa kowa gayaunarsa, shi dagaci ke kira, shi ke bayar da auren 'ya'yan gidan, har da naka. Ba riga ba ce da zan ara in tuɓe in ka dawo. A garin nan ƙane ba ya faɗin wannan kalma wansa na raye, sai in wan ya taɓu ko an fid da rai da shi. Ran da na faɗe ta, na gaya wa duniya mun daina jiranka.

Hajara ta ji labari, ban san ta wace kafa ba. Ta daina zama hira da matata. Shekaranjiya ta tsaya bayan tabarmar nan ta tambaye ni, in na zama mai gida ita mece ce a gidan nan, matar mai gida ko matar wanda ya ɓace. 'Yan'uwanta na Sabuwa sun riga sun fara aiko da tambaya. Na ce mata kana tafe.

Malamin gona ya zo a babur ya ce in kwantar da hankalina, akwai gajera a ofis jibge, an shafa mata jan magani. Mutumin kirki ne, amma ba shi zai tsaya ya ga ƙuduji na shanye ta ba, ba kuma shi zai kalli idon yara ba in rumbu ya ƙare damina na tsaka. In na sake shuka ta a gonar da babu taki, baɗi war haka hatsin kasuwa za mu ci. Baffa kuma ya tsufa, 'ya'yansa su ma sun bi titi. In ya faɗi ba mu karɓo ba, Mai Ladabi ta tafi ke nan.

Ina fushi da kai, Yaya, gara in faɗa. Ba don ka tafi ba, rabin garin nan ya tafi, kuma da ni ne babba mai ƙarfi irinka wataƙila ni ma da na bi. Fushina shi ne ka bar min aikin ka tafi da sunan, kuma sunan ba ya yi maka komai a can. Wa ya san mai gida a bakin jirgin siminti? Ni nake noma, ni nake girbi, ni nake kai Inna asibitin Funtuwa, amma in na je roƙon iri a ce min ɗan aike.

Da fushin da kewarka wuri ɗaya suke zaune. Kai ka koya min riƙon fartanya. In na gaji a noman farko, kai ke ƙarasa min kunyata da sauri kafin Baba ya waigo, sannan ka daka min tsawa don ya ɗauka ni na yi. Ran da kunama ta harbe ni a gonar gyaɗa, kai ka goya ni har gida, kana zagina duk hanya don kada in yi barci. Ban taɓa son kujerarka ba. In ka zo, ko da dare ɗaya za ka yi, ka sauka Sheme ka tuɓe takalmi ka gaida tsohon nan, ka roƙi iri, ka yi mana saran farko, ka koma aikinka. Sauran ka bar min, na saba.

Zan jira ka har ruwan shuka ya sauka. Na tsaya nan, ranar kasuwa zan ba direban tipa ya kai min takardar ofishin jarida a Kaduna.

Yaya, takardar ba ta tafi ba. Direban bai zo kasuwar da ta wuce ba, ruwa kuma ya riga shi.

Jiya bayan azahar iska ta taso, ta ɗauke tabarmar darni ta kai ta gidan maƙwabta. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai magariba. Yau da sassafe na je babbar gona na tona da hannu, laima ta wuce tsawon tafina. Ruwan shuka ne, ba yayyafin yaudara ba. Kafin rana ta ɗaga daji ya cika da mutane, maza na sara, mata da yara na zuba iri suna takewa. Gonarmu kaɗai ke kwance babu kowa a ciki. Masu wucewa suna yi min barka da ruwa, suna kallon hannuna. Ka san laima ba ta jiran mutum, kwana kaɗan rana ta shanye ta.

Duk da haka ban tafi Sheme ba, bakin titi na nufa, inda motoci ke sauke mutane. Na san takardar tana aljihuna, na san ba ka gan ta ba, amma na ce ai ruwan da ya sauka a nan wataƙila ka ji shi a jikinka. Duk motar da ta rage gudu sai in miƙa wuya. Wani ya sauko da akwati da farar riga, na taka har na buɗe baki zan kira ka, ashe sabon malamin makaranta ne. Na tsaya har hantsi ya yi zafi.

Na koma gida na durƙusa gaban Inna, na tambaye ta yadda zan yi. Na san abin da nake nema ta yanke, a kan ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta iya kira ta yi kuka da shi. Can ta ce, "Yara ba su cin jira. Tahi."

Baffa na ganina ya aika aka kira liman da wasu maƙwabta. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ya tambaye ni a gabansu wa ya zo roƙon iri. Na ce Sani ne. Ya ce ba suna ya tambaya ba. Na kalli titi ta ƙofar zaure, wallahi har lokacin ina sa ran ganin mota ta tsaya. Babu kowa sai jaki da mangala. Sannan na ce, "Mai gida ne ya zo." Muryar ta fito kamar ba tawa ba.

Liman ya sa aka shafa fatiha. Baffa ya shiga ciki da kansa, ya fito da dammunan, ya ɗora min a bayan keke ya ɗaure. Da zan tafi ya riƙe kan keken, ya ce in ka dawo in gaya maka ƙofarsa a buɗe take. Idonsa ya cika da hawaye. Bai ji daɗin abin da ya sa na yi ba ko kaɗan.

Na iso gida da la'asar. Hajara ta hango ni da kayan, ta shige ɗaki ta saki labule. Inna tana zaune bakin ƙofarta. Ta kalli dammunan, ta kalle ni, ta gyara zama, ta ce, "Sannu da hanya, mai gida."

Na waiga bayana, Yaya. Na ɗauka ka shigo.

Yanzu haka ana sussuka a tsakar gida, gobe da safe zan yi saran farko a babbar gona. Ban goge abin da na rubuta a sama ba, na bar shi yadda yake don ka ga na jira. In ka zo, ɗakinka na nan, gayaunarka zan shuka maka ita da hannuna, matarka da 'ya'yanka amana ce a wuyana, ba wanda zai ci ya bar su. Za ka zauna inda ka ga dama, ka ci abin da ka ga dama. Abu ɗaya ne ba zan iya mayar maka ba, ni ma kuma ba ni da inda zan ajiye shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da za mu binne gobe. Allah ya sa daga bakina ka fara jin wannan labari, ba daga wani a tasha ba. Allah ya kiyaye ka daga sharrin ruwa da ƙarfe, ya sanyaya zuciyarka a kaina, ya dawo mana da kai Inna na da rai. Amin.

Ka huta lafiya. Ni ne ƙanenka,

Sani